Baƙin Sarkin Musulmi: Labarin Turawan Da Suka Zo Sakkwato Ta Ƙasa

'Yan'uwa, duk wanda ya duba taswirorin da Turawa suka zana gabannin shekara ta 1800 zai ga wani abin mamaki. Bakin teku cike ya ke da sunayen garuruwa da koguna, amma tsakiyar Afirka da tsakiyar Asiya fili ne fari, sai 'yan sunaye jefi jefi, waɗansu ma ba a inda ya kamata su ke ba. A cikin wannan farin fili kuwa akwai Kano da Katsina da Tambutu, akwai Samarkand da Buhara, garin Imamu Buhari mai littafin hadisi. Mutanensu sun san hanyoyinsu sarai, fatake da alhazai suna kai da kawowa shekara da shekaru. Turawa ne ba su sani ba, gama su mutanen jirgin ruwa ne, iyakar saninsu inda jirgi ya tsaya.

Daga ƙarshen ƙarni na 18 suka soma aiko da mutanensu ta ƙasa, ɗaya ɗaya, biyu biyu, bisa raƙumi ko doki ko a ƙafa. Nufinmu a nan mu ba da labarin waɗanda suka iso Sakkwato, mu jera shi da na 'yan'uwansu da suka ratsa Asiya. Ba mu ne muka fara haɗa labarun nan biyu ba. An riga an haɗa su a fadar Sarkin Musulmi Muhammadu Bello tun shekara ta 1826, kamar yadda za mu gani.

Abin Da Ya Fito Da Su

A wajenmu Kwara ce ta jawo su. Turawa sun daɗe suna jin labarin wani babban kogi a ƙasar Sudan, amma ba su san inda ya nufa ba, balle inda ya ƙare. Waɗansu suka ce reshen kogin Nilu ne, waɗansu suka ce cikin wani tabki ya ke shiga ya ƙafe. A 1788 waɗansu manyan mutane a Landan suka kafa jam'iyya don binciken cikin Afirka. Su suka aiko Mungo Park, wanda ya ga kogin a Segu cikin 1796, ya tabbatar gabas ya ke gudu. Ya komo a 1805 ya shiga jirgi don ya bi shi har ƙarshe, amma ya hallaka a duwatsun Busa. Tambaya ta zauna yadda ta ke.

Ban da son sani akwai son ciniki. Masaƙun Ingila suna fid da tufafi fiye da abin da mutanensu za su iya saye, suna neman kasuwa, kogi kuwa hanya ce mai araha. Akwai kuma gasa, kada wata al'umma ta riga su. A Asiya wannan gasa ta fi fitowa fili. Kamfanin Ingilishi da aka kafa a 1600 don fatauci da ƙasar Hindu ya zama mai mulki bayan yaƙin Filasi na 1757. Rasha kuma tana gangarowa daga arewa. Tsakanin manyan nan biyu akwai hamada da duwatsu da sarakunan Musulmi, ko wanensu kuwa yana so ya san rijiyoyi da mashigai da ƙarfin ganuwar garuruwan kafin abokin gabansa.

Yadda A Ke Tafiyar

Tafiyar ƙasa a zamanin nan tana da ƙa'idodi, Bature kuwa bai isa ya sake ko ɗaya ba. Da fari sai izni. Baƙo ba ya shiga ƙasar sarki sai da takardar sarkin da ya baro, ba ya kuwa fita sai an sallame shi. Na biyu gaisuwa. Rabin kayan matafiyi kyautai ne, alkyabba da bindiga da agogo da madubin hange, in sun ƙare mutuncinsa ya ragu. Na uku ayari. Ba mai ratsa hamada shi kaɗai, sai ya jira madugu, ya tashi ran da ayari ya tashi, ya sauka inda ya yi zango. Na huɗu harshe. Larabci ke buɗe ƙofar fada tun daga Sakkwato har Buhara, Hausa kuwa ke buɗe ta kasuwa tun daga Agadas har Gwanja.

Abin da ya bambanta su da sauran matafiya 'yan kayan aiki ne da ba su cika jaka guda ba: agogo, da allurar da ke nuna arewa, da ma'aunin tsawon rana da taurari, da littafi da alƙalami. Ko wace rana su rubuta sa'a nawa aka yi tafiya, wace fuska aka nufa, mene ne sunan rijiya, nawa a ke sayad da dawa. Da waɗannan ƙananan abubuwa aka cika farin filin nan na taswira.

A Asiya da yawansu sai da suka ɓad da kama. Arminius Vambery, mutumin Hangare, ya shiga Hiwa da Buhara da Samarkand a 1863 cikin tsummokin darwishi, tare da alhazai masu komowa gida. A Tibet, inda aka hana Bature shiga sam, Ingilishi suka koya wa waɗansu mutanen Hindu aikin awo suka aike su. Mashahurinsu Nain Singh, malamin makaranta, ya isa Lasa a 1866. An hore shi har takunsa 2,000 ya zama mil guda, aka ba shi carbi mai ƙwaya 100 maimakon 108 irin na mutanen ƙasar. Mai ganinsa ya ce ibada ya ke yi, nan kuwa taku ya ke ƙidaya. Waɗanda suka zo Sakkwato ba su yi haka ba. Sun ɗauki sunayen da baki zai iya faɗi, Clapperton ya zama Abdullahi, Barth ya zama Abdulkarim, amma a fada sun ce su Nasara ne, manzannin Sarkin Ingila, aka kuwa karɓe su a kan haka.

Zuwan Abdullahi Na Fari

Hugh Clapperton hafsan jirgin ruwa ne, mutumin Sikotlan. Ya taso daga Tarabulus a 1822 tare da Likita Oudney da Manjo Denham, suka bi ta Murzuk da Bilma, suka ga tabkin Cadi a Fabrairu 1823, suka sauka Kukawa wajen Shehu Laminu na Barno. A ƙarshen shekarar Clapperton da Oudney suka nufo yamma. Oudney ya rasu kusa da Katagum a Janairu 1824, Clapperton ya wuce Kano shi kaɗai. Daga can ya bi ta Zamfara, Sarkin Musulmi ya aiko da mahaya suka ratsa da shi dajin Gundumi, inda ƙishirwa da mahara su ke jiran matafiyi. Ya shiga Sakkwato a tsakiyar Maris 1824.

Birnin a sa'an nan yaro ne. Bello ya kafa shi a 1809, Shehu Usmanu ya ƙaura zuwa cikinsa a 1815, ya rasu a 1817. Duk da haka Clapperton ya ce bai ga gari mai yawan jama'a kamarsa ba a cikin Afirka. Ya ƙidaya ƙofofi 12 waɗanda a ke rufewa da faɗuwar rana, ya ga kuma ana ginin wani babban masallaci na Waziri Giɗaɗo ɗan Laima, mijin Nana Asma'u, wanda shi ne mai masaukinsa.

Ya zo da zaton shi zai yi tambaya, sai ya iske shi a ke tambaya. Bello ya tambaye shi ɗariƙun Nasara na dā, ya ambaci sunayensu, har baƙon ya ce shi ba malamin addini ba ne. Da ya fito da taswirar sama, Bello ya faɗi sunayen buruji da taurari da Larabci. Ya kuma tambayi labarin yaƙin Girka da Turkawa, da na harbin da jiragen Ingila suka yi wa birnin Aljaza'ir, da yadda Ingilishi suka mallaki ƙasar Hindu. Duk wannan labari ta bakin alhazai da fataken Larabawa ya iso Sakkwato, ba jarida, ba waya.

A kan Kwara, Bello ya zana masa kogin, daga baya aka ba shi taswira a takarda, da wani yanki na littafin Bello, Infaƙul Maisuri, inda ya ke bayanin ƙasashen Takruru. Amma da ya nemi iznin zuwa Yawuri ya ga kogin da idonsa, ko da ya ke tafiyar 'yan kwanaki ce, sai aka ce hanya ba lafiya. Clapperton ya zargi fataken Larabawa, waɗanda su ke tsoron in hanyar teku ta buɗe cinikin hamada ya mutu. Zargin nan ba banza ba ne, tsoron nasu kuma ba banza ba ne, gama abin da ya faru ke nan daga baya.

Suka rabu da alheri a farkon Mayu. Bello ya rubuta wa Sarkin Ingila Joji na Huɗu takarda, yana neman a aiko masa da wakili mazauni, da likita, da makamai, shi kuwa zai hana a kai bayi bakin teku. A 1826 aka buga littafin tafiyar a Landan, da taswirar Bello da fassarar yankin Infaƙu a ƙarshensa. Watau Turai ta karanta tarihin ƙasar nan daga alƙalamin ɗan ƙasa.

Zuwa Na Biyu

Clapperton bai daɗe a gida ba ya juyo, wannan karo ta teku. Ya tashi daga Badagiri a Disamba 1825. Kafin wata guda abokan tafiyarsa biyu, Pearce da Morrison, zazzaɓi ya kashe su. Ya ci gaba tare da baransa Richard Lander, da wani tsoho Bagobiri mai suna Abubakar, wanda Turawa ke kira Pasko. Shi wannan an sayad da shi bawa, jirgin Ingilishi ya ƙwato shi a teku, ya yi aikin jirgi, sa'an nan ya komo yana yi musu tafinta. Suka ratsa ƙasar Yarabawa da Bargu, suka ƙetare Kwara kusa da Busa, suka bi ta Nufe da Zariya, suka kai Kano a Yuli 1826.

Amma zamani ya juya. Ya iske Bello a sansani yana yaƙi da Gobirawa, ga kuma Shehun Barno yana shirin tasowa Kano da runduna. A cikin kayan Clapperton kuwa akwai takarda da kyautai, har da makamai, na Shehun Barno. Bello ya karɓe su, ya hana shi wucewa. Clapperton ya ga wannan cin amana ne, ya faɗi maganganu masu zafi. Amma mu tsaya mu auna. Wane sarki ne, a Turai ko a ko'ina, zai bar baƙo ya ratsa ƙasarsa da bindigogi zuwa wajen wanda ke yaƙinsa?

A wannan zama ne maganar Hindu ta fito sosai. Clapperton ya rubuta cewa Bello ya gaya masa tun zuwansa na fari an aiko daga Barno ana ba da shawara a kashe shi. Dalili kuwa, in aka sake wa Ingilishi fuska za su riƙa zuwa ɗaya bayan ɗaya har su yi ƙarfi su ƙwace ƙasar, kamar yadda suka ƙwace Hindu daga hannun Musulmi. Clapperton ya ƙi yarda Shehu Laminu ne ya rubuta haka. Ko wa ya rubuta, ma'anar a fili ta ke: gemun ɗan'uwa ya kama wuta, ana shafa wa na gida ruwa. Bello bai bi shawarar ba. Bai taɓa baƙonsa ba, bai kuwa daina zama da shi ba. Wata safiya Clapperton ya iske shi zaune da littafin lissafin Iƙlidisu na Larabci, wanda ya kawo masa kyauta, Bello ya ce da ma gidansu suna da irinsa, wani ɗan'uwansu ya samo a Makka, amma gobara ta cinye shi bara.

Ciwo da ɓacin rai suka taru a kan Clapperton. Ya rasu a Sakkwato ran 13 ga Afrilu 1827, yana da shekara 38. Da iznin Sarkin Musulmi, Lander ya ɗauki gawar bisa raƙumi ya binne ta a wani ƙauye kamar mil biyar daga birni. Sa'an nan ya kwashe takardun maigidansa ya kai Ingila. Shi wannan bara, wanda ba a aiko shi don kome ba sai hidima, shi ya komo da ƙanensa a 1830, suka shiga kwalekwale suka bi Kwara har ta zuba cikin teku. Tambayar da ta ci rayuka shekara arba'in ta sami amsa.

Mu dubi Asiya a waɗannan shekaru don mu san darajar abin da Bello ya yi. Alexander Burnes ya kai Buhara a 1832, ya koma ya rubuta littafi, ya yi suna. A 1839 rundunar Ingilishi ta shiga Kabul, shi kuwa yana cikin manyanta, a 1841 mutanen gari suka kashe shi. A 1842 Sarkin Buhara Nasrullahi ya sa aka sare kawunan hafsoshin Ingilishi biyu, Stoddart da Conolly, bayan ya tsare su a kurkuku. Wannan bai tsare Buhara ba, gama a 1868 Rasha ta ci Samarkand, ta mai da Sarkin Buhara ƙarƙashinta. A Sakkwato ba a zub da jinin baƙo ko ɗaya ba.

Abdulkarim

Shekara 26 suka wuce kafin wani ya sake zuwa. Heinrich Barth Bajamushe ne, amma gwamnatin Ingila ta aiko shi. Ya bar Tarabulus a 1850 tare da Richardson da Overweg. Richardson ya rasu a 1851, Overweg a 1852, duka a ƙasar Barno, Barth ya ci gaba shi kaɗai. Malami ne na gaske. Ya iya Larabci tun daga gida, a hanya kuma ya koyi Hausa da Barbarci da Fillanci da waɗansu harsuna, har ya kan zauna da mutane ba tafinta.

Ya taso daga Katsina, ya ratsa Gundumi kwana da yini ba zango, ya sadu da Sarkin Musulmi Aliyu Babba ɗan Bello a Gawasu a farkon Afrilu 1853, Sarki yana kan hanyar yaƙi. Aliyu ya karɓe shi da fara'a, ya ba shi takardar aminci ga fataken Ingila, ya yi masa iznin wucewa Tambutu. Barth ya zauna Wurno fiye da wata guda, gama a can Sarki ya ke zama, daga nan ya ziyarci Sakkwato, ya ga kasuwarta da aikin dukawanta. Ya yi zama da malamai, musamman Abdulƙadir ɗan Tafa, jikan Shehu, wanda ya yaba wa ilminsa ƙwarai. Ya karanta Infaƙu na Bello da Tazyinul Waraƙati na Abdullahi ɗan Fodiyo. A Gwandu aka ba shi aron Tarihus Sudan, ya kwana uku ko huɗu yana kwafe abin da ya iya. Ta nan Turai ta fara sanin tarihin daular Sanwai, ko da ya ke ya ɗauka Ahmadu Baba ne mawallafin, alhali kuwa Abdurrahman Sa'adi ne.

Ya kai Tambutu a Satumba 1853, inda Shehu Ahmadul Bakka'i ya tsare ransa. Ya komo ta Sakkwato da Wurno a 1854, ya isa Tarabulus a 1855, bayan tafiyar da ba ta kasa mil 10,000 ba. Littafinsa ya fito cikin juzu'i 5 a 1857 da 1858. Har yanzu mai neman sanin yadda Kano ko Katsina ko Wurno su ke a zamanin nan ba ya rasa buɗe shi.

A nan ya kamata mu ambaci waɗanda sunansu ba ya kan bangon littafi. Akwai Muhammadu mutumin Gatrun, baran Barth, wanda ya bi shi kusan dukan tafiyar. Akwai yara biyu da Overweg ya 'yanta, Abbega da Dorugu, waɗanda Barth ya tafi da su Turai. Dorugu Bahaushe ne daga wajen Damagaram. A Ingila ya zauna da wani mai wa'azin Nasara, Schön, ya ba shi labarin rayuwarsa da tatsuniyoyi da Hausa, aka buga su a cikin Magana Hausa a 1885. Bature ya zo ya ga ƙasarmu ya rubuta, yaron nan kuma ya je ya ga tasu ya faɗi. Hausawa sun ce da ɗan gari kan ci gari. In aka cire madugai da jagorori da tafintoci da masu masauki daga labarin nan, ba Baturen da zai wuce zango uku.

Masu Takardar Alkawari

Bayan Barth irin baƙin ya sake. A 1854 Likita Baikie ya hau Kwara da Binuwai da jirgin wuta, yana ba mutanensa kwini, bai rasa ko mutum ɗaya ba. Zazzaɓin da ya tsare ƙofar kudu ya sami magani, hanyar hamada ta soma mutuwa. A 1884 da 1885 manyan ƙasashen Turai suka taru a Balin suka shirya ƙa'idodin rabon Afirka, takardar da sarki ya sa wa hannu ta zama hujja a tsakaninsu.

Sai ga su suna tsere zuwa fadar Sarkin Musulmi. Joseph Thomson ya zo a 1885, zamanin Umaru ɗan Aliyu, da sunan kamfanin Goldie, wanda ya zama Kamfanin Kwara a 1886. Bajamushe Staudinger ya biyo bayansa da 'yan watanni. Bafaranshe Monteil ya iso a 1891, zamanin Abdurrahman, cikin tafiyarsa daga Sanagal zuwa Tarabulus. A ganin fada, izni ne aka ba baƙi su yi ciniki, abin da su ke kawowa ko wace shekara kuwa gaisuwa ce. A Turai kamfani ya nuna takardar Thomson ya ce an ba shi iko. Da ita aka yi hujja a 1890, sa'ad da Ingila da Faransa suka ja layi daga Sayi a bakin Kwara zuwa Barruwa a bakin Cadi, ba wanda ya shawarci Sakkwato.

Sauran labarin mun san shi. A ran 1 ga Janairu 1900 gwamnatin Ingila ta karɓi ƙasar daga hannun kamfani, Lugga ya zama shugaba. Kano ta faɗi a Fabrairu 1903. Ran 15 ga Maris aka yi karo a Giginya, bayan ganuwar Sakkwato, Sarkin Musulmi Attahiru ya yi gabas, ya yi shahada a Burmi cikin Yuli. Wanda ya komo da jama'a birni ya yi magana da Turawa shi ne Waziri Buhari, jikan Giɗaɗon nan da ya sauki Clapperton. Tsakanin Maris ɗin kaka da Maris ɗin jika shekara 79 ne. A shekara ta gaba, 1904, Francis Younghusband, wanda ya yi suna da ratsa hamadar Gobi daga Bejin zuwa Hindu a 1887, ya shiga Lasa da sojoji. A can mutum ɗaya ne ya yi tafiyar duka biyu, ta matafiyi da ta mayaƙi.

Abokai Ne Ko Magewaya?

Wannan tambaya ta kan tashi duk sa'ad da aka karanta labarin nan, amsarta kuwa tana bukatar adalci. Ba mu da hujjar cewa Clapperton ya zo da nufin cin ƙasa. Ciniki da Kwara da hana fataucin bayi ke gabansa, gwamnatinsa ma a sa'an nan ba ta son ɗaukar nauyin mulkin cikin Afirka. Barth kuwa ya rubuta labarin mutanen ƙasar nan da girmamawa, ya nuna wa Turai suna da tarihi da shari'a da littattafai, a zamanin da da yawa a can ba su son jin haka. Amma abin da aka rubuta ba ya zama a hannun wanda ya rubuta shi. Littafin da ya faɗi inda rijiya ta ke don amfanin falke, shi ne ya ke faɗa wa mai runduna. Wanda ya kawo misalin Hindu a fadar Bello bai san zuciyar Clapperton ba, amma ya san halin dauloli, zamani kuwa ya gaskata shi.

Kashe baƙo ba ya hana wannan, Buhara shaida ce. Rufe ƙofa ma bai hana ba, Lasa shaida ce. Abin da ya raba mu da su a ƙarshe shi ne, su sun tara saninmu sun buga shi, ko wane ɗan makarantarsu yana iya karantawa, mu kuwa saninmu game da su ya tsaya wajen sarki da 'yan malamai kaɗan. Bello ya nemi likita da littattafai, ya yi tambaya a kan taurari da dauloli, gama ya gane inda ƙarfin ya ke.

To, 'yan'uwa, mu da mu ke shirin zama malaman makaranta, kayan aikin nan da suka cika taswira ba su fi ƙarfinmu ba. Ko wanenmu ya fito daga wani gari mai ganuwa, ko kufai, ko tsohuwar hanyar fatake, akwai kuma tsofaffi da suka san sunan ko wace ƙofa da dalilinsa, akwai littattafai a cikin gafakar malamai waɗanda gara ke ci. In hutu ya zo, mu ɗauki littafi da alƙalami, mu auna, mu tambaya, mu rubuta da kwanan wata da sunan wuri, yadda Abdulkarim ya yi, da yadda Sarkin Musulmi Bello ya riga shi yi a cikin Infaƙu tun 1812. Wanda ya samo wani abu ya kawo a buga a waɗannan shafuffuka, sauranmu mu ƙaru. Allah ya sa mu dace, amin.